Filin Tambaya da Amsa: Kwamfuta Ta Ce Saura Minti Biyu, Ta Kuma Shafe Kusan Awa Guda

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu suna magana ne a kan layin nan da ke cika sannu a hankali a fuskar kwamfuta idan ana ɗora mata babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, irin su Windows da Ubuntu da macOS. A nan za mu riƙa kiran wannan layi da ma'aunin aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Funtuwa, kuma na daɗe ina bibiyar wannan fili. A hutun da ya wuce na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, sai na yanke shawarar goge duk abin da ke cikinta in ɗora mata sabuwar babbar manhaja da kaina domin in koya. Na fara bayan sallar Magariba, kafin a kira Isha'i ma'aunin ya wuce kashi 60 cikin 100. Da na dawo daga masallaci na tarar da shi a kashi 87, an rubuta cewa saura minti biyu, amma na zauna kusan minti arba'in bai motsa ba. Na ɗauka ta sandare ne, na danne maɓalli na kashe ta. Washegari na sake daga farko, ta sake tsayawa a daidai wurin, na ƙyale ta na tafi harkokina, da na dawo na samu ta gama lafiya. Shin ƙarya ma'aunin yake yi, ko kuwa kwamfutar ce ke da lahani in mayar wa wanda ya sayar mini?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri da bibiyar da kake yi. Bisa abin da ka bayyana, ban ga dalilin mayar da kwamfutar ba, domin na'urar da ke da lahani a ma'adanarta, wato inda take ajiye fayiloli, ko a ƙwaƙwalwarta ba ta cika kammala aikin cikin lafiya a karo na biyu ba. Abin da ka gani hali ne da aka san ma'aunin aiki da shi tun shekaru masu yawa, a kan sababbin kwamfutoci da tsofaffi, kuma babu wata babbar manhaja da ta tsira daga gare shi. Lambar da yake nuna maka kirdado ne aka rubuta shi da alƙaluma, shi ya sa ido yake ɗaukarsa a matsayin lissafi tabbatacce.

Kafin wani ya iya gaya maka daidai lokacin da aiki zai ƙare, dole ya san abu biyu: yawan aikin da ya rage, da kuma saurin da za a yi shi. Manhajar da ke ɗora tsarin ba ta da cikakken sani a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Mu fara da yawan aikin. Abin da muke kira ɗora manhaja ayyuka ne daban-daban da aka jera a bayan juna. Akwai rarraba ma'adana da share ta, akwai warware babban ƙunshin da aka matse tsarin a cikinsa, wanda a Windows fayil guda ne mai nauyin gigabayit da dama mai suna install.wim ko install.esd, akwai rubuta dubun dubatar fayilolin da suka fito daga ƙunshin kowanne a mazauninsa, akwai binciken kayan da ke cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya domin a sama wa kowanne direba, wato 'yar manhajar da za ta tafiyar da shi, sannan a wasu lokuta akwai sauko da gyare-gyare daga intanet. Ana auna kwafe fayil da nauyinsa, amma da me za a auna neman direban katin sauti ko na kyamara, wanda zai iya ɗaukar daƙiƙa biyu a wata kwamfuta ya ɗauki minti goma a wata? Tunda babu mudu ɗaya da zai auna su duka, sai masu rubuta manhajar su zauna tun kafin a fitar da ita su yanka wa kowane mataki rabonsa a cikin ɗari, su ce wannan ya ɗauki kaza, wancan ya ɗauki kaza, bisa abin da suka gani a na'urorin da suka yi gwaji da su. Kwamfutarka ba ta cikin waɗannan na'urori. Saboda haka idan ka ga kashi 87, abin da yake nufi shi ne an iso matakin da aka laƙaba wa wannan lamba, ba wai kashi 87 na lokacin ya shuɗe ba.

Duk wanda ya taɓa gini ya san irin wannan. Bulo yakan tashi daga tushe ya kai linta cikin 'yan makonni, mai wucewa ya ce ai gida ya kusa kammala, alhali kuwa rufi da wayar wuta da famfo da filasta da fenti su ne za su ci watanni. Idan da tsayin bango kawai ake auna gini, to ma'aunin zai yi gudu da farko ya zo ya tsaya cik a kusa da ƙarshe, ko da yake magina suna ciki suna ta aiki.

Akwai misalai biyu sanannu da ke nuna cewa lambobin nan alamomin zango ne da aka kafa tun farko. Masu amfani da Windows 10 da Windows 11 sun saba ganin cewa idan ana saka gyare-gyaren wata-wata, lambar takan hau zuwa kashi 30 sai kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, sannan ta ci gaba zuwa 100. Wannan 30 iyaka ce tsakanin aikin da ake yi kafin sake tashi da wanda ake yi bayansa, kuma iri ɗaya ce ko gyaran ƙarami ne ko babba. Na biyu kuma, waɗanda suka yi zamanin Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoba na 2001, za su tuna cewa idan aka shiga kashi na biyu na ɗora ta, takan rubuta cewa saura kimanin minti 39, ko kwamfutar mai sauri ce ko mai nawa. Masu gyara sun san cewa idan za ta maƙale, a wajen minti 34 ta fi maƙalewa, domin a nan ne take binciken kayan cikin na'ura tana saka musu direbobi. Mintocin nan sunayen matakai ne kawai da aka rubuta da siffar agogo.

Sai batun sauri, wanda shi ne ya fi shafar irin kwamfutocin hannu da suka fi yawa a kasuwanninmu. Da yawa daga cikinsu suna zuwa ne da tsohuwar ma'adana mai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke kai da komo a kansa tana rubutu. Idan babban fayil guda za a rubuta, allurar takan zauna a layi ɗaya ta zuba kusan megabayit 100 a daƙiƙa. Idan kuwa ƙananan fayiloli ne barjat, dole ta riƙa tsalle daga nan zuwa can, ta rubuta fayil, ta koma ta rubuta sunansa da wurinsa a rajista, ta sake dawowa, kuma irin wannan tsalle ba ya wuce kimanin ɗari a daƙiƙa. Loda buhun masara hamsin a mota ya fi sauƙi a kan loda ƙananan ƙulle-ƙulle dubu biyar da sai an rubuta sunan mai kowanne, ko da nauyinsu ɗaya ne a sikeli. Sabuwar ma'adana marar faifai, wadda ake kira SSD, tana yin irin wannan aiki sau dubbai a daƙiƙa, shi ya sa tsayawar ba ta cika tsawo a kanta ba. Haka nan filashin da aka ɗoro manhajar daga cikinsa yana da nasa tasiri, domin ramin USB 2.0 a aikace ba ya wuce megabayit talatin da 'yan kai a daƙiƙa, kuma filashi mai araha ko wannan ba ya kaiwa.

Akwai kuma zafi, wanda mu a nan bai kamata mu raina shi ba. Warware matsattsen ƙunshi aiki ne da ke sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi aiki iya ƙarfinta, kuma an ƙera ta ne yadda idan ta yi zafi da yawa za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, aka kuma ajiye ta a kan katifa a watan Afrilu, za ta fara aikin da sauri, bayan minti goma gudunta ya ragu sosai. Wasu kwamfutocin kuma suna rage gudu da zarar an cire caja sun koma kan batir.

Manhajar ba ta san duk wannan zai faru ba. Abin da take yi shi ne ta duba saurin da aka yi a 'yan daƙiƙun da suka wuce, ta ɗauka haka za a ci gaba, ta raba abin da ya rage da wannan sauri, ta rubuta maka minti biyu. Wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Raymond Chen ya yi bayanin wannan a 2004, inda ya kwatanta shi da a ce mutum zai ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, kai kuma an tilasta maka ka riƙa faɗin lokacin da zai gama, alhali yana iya rage gudu ko ya ƙara a duk inda ya ga dama. Duk amsar da ka bayar daidai take da abin da ka ji zuwa lokacin, amma gaba ba a hannunka take ba.

Mai karatu zai iya cewa, tunda ba a iya yin sa daidai, me ya hana a cire shi? An bincika wannan tun da daɗewa. A 1985 wani ɗalibi a Jami'ar Toronto da ke Kanada, Brad Myers, ya gwada mutane da manhaja mai ma'aunin aiki da marar shi, ya samu cewa mafi yawansu sun fi son mai ma'aunin, domin fuskar kwamfuta da ba ta nuna komai tana sa mutum fargabar ko na'urar ta mutu. A 2007 Chris Harrison da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane sun fi jin zafin tsayawar da ta zo a kusa da ƙarshe a kan wadda ta zo da farko, kuma sun fi ganin saurin ma'aunin da ke ƙara gudu yayin da yake dosar ƙarshe, ko da tsawon lokacin ɗaya ne. A 2010, a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, Harrison ya sake nuna cewa wani irin zane mai motsi a jikin layin yana sa mutane su ga kamar jiran ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100. Ka ga ke nan wani ɓangare na aikin ma'aunin shi ne kwantar da hankalin mai jira.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda ake tsara waɗannan abubuwa. Kwantar da hankali abu ne mai kyau, amma mutumin da ke zaune a inda za a iya ɗauke wuta kowane lokaci, batirinsa ba ya riƙe awa guda, datarsa kuma a ƙidaye take, yana yanke shawara ne da wannan lamba. Da ita yake duba ko ya tayar da janareto, ko ya tafi masallaci ya dawo, ko ya kashe na'urar kamar yadda ka yi. Da za a rubuta masa a fili cewa ana saka direban kaza, ko ana sauko da megabayit kaza daga cikin kaza, ko a ce masa wannan mataki yakan ɗauki tsakanin minti biyar zuwa awa guda, da ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan minti biyun da ba su da tushe. Manhajar ta san matakin da take kai, tana ma rubuta shi a wani kundi a ɓoye, kuma ɓoye shi zaɓi ne na masu tsarawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni yaron shago ne ina koyon gyaran waya da kwamfuta a Kano. Maigidana yakan ce kada in kashe kwamfuta tana cikin aiki, amma wani lokaci mai kaya yana tsaye a kaina yana jira. Ta yaya zan gane wadda take aiki a hankali da wadda ta sandare da gaske?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar koyo. Maganar maigidanka ita ce asali, ka riƙe ta. Abin da zan ƙara maka shi ne ka daina kallon lambar, ka koma kallon na'urar kanta.

Yawancin tsofaffin kwamfutoci suna da 'yar fitila da ke ƙiftawa idan ana rubutu ko karatu a ma'adana, kuma filashi da yawa ma suna da tasu. Muddin tana ƙiftawa ba a kan tsari ɗaya ba, wani lokaci da sauri wani lokaci a hankali, to aiki na tafiya. Ka kasa kunne ka ji ko fanka tana sauya murya, ka kuma danna maɓallin Caps Lock ka ga ko fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, domin idan ta ƙi amsawa sam, alama ce mai ƙarfi cewa na'urar ta sandare. 'Yan ɗigon nan da ke zagayawa a fuska kuwa kada ka dogara da su sosai, saboda suna iya ci gaba da juyawa alhali aikin da ke bayansu ya tsaya.

Hanya mafi tabbas ita ce ka buɗe kundin da na ambata a amsar da ta gabata. A lokacin ɗora Windows daga filashi, idan ka danna Shift da F10 tare, baƙar taga ta rubuta umarni za ta buɗe, kuma daga nan za ka iya neman fayil mai suna setupact.log, inda ake rubuta kowane mataki da lokacinsa, da kuma setuperr.log, inda ake tara kurakurai. Bayan an gama za ka same su a jakar Panther da ke cikin jakar Windows. A kwamfutocin Apple, danna Command da L yana nuna kundin yayin da manhajar ɗorawa take buɗe. A Debian, wadda ita ma babbar manhaja ce irin Ubuntu, Ctrl da Alt da F4 suna kai ka inda bayanan ke gudana, a Ubuntu kuma akwai 'yar alama a jikin tagar da za ka danna ka ga abin da ake yi. Ba sai ka fahimci duk abin da aka rubuta ba. Ka duba lokacin da ke jikin layin ƙarshe, ka jira minti biyar ka sake dubawa. Idan an samu sababbin layuka, aiki bai tsaya ba. Idan kuwa layi ɗaya ne yake ta maimaituwa da kuskure iri ɗaya, to jira ba zai warware shi ba.

A ganina, kwamfuta mai tsohuwar ma'adana ta cancanci a ba ta awa biyu zuwa uku a wuri ɗaya kafin a yanke mata hukunci, matuƙar akwai alamar motsi. Kuma haɗarin kashewa ba ɗaya ba ne a kowane hali. Idan sabuwar ɗorawa ce a kan ma'adanar da aka riga aka share, abin da za ka yi asara shi ne lokaci, sai ka sake daga farko. Idan ɗaga tsohuwar manhaja ake yi zuwa sabuwa alhali takardu da hotunan mai kaya suna ciki, kashewa na iya barin na'urar a tsakiya, ba tsohuwar ba sabuwar, ko da yake Windows takan yi ƙoƙarin komawa yadda take. Shi ya sa bai kamata ka fara irin wannan aiki ba sai ka kwafe kayan mutum a wani wuri. Amma idan BIOS ake sabuntawa, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin allon na'urar wadda take tayar da ita, to kada ka kashe ko da me ma'aunin ya nuna, kada kuma ka fara sai batir ya cika caja tana jone, domin katsewa a nan na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya.

Game da mai kaya da ke tsaye a kanka, ka gaya masa gaskiya tun kafin ka fara cewa aikin na iya kai awa uku, ya tafi ya dawo. Ka kuma cire duk abin da aka jona wanda ba a buƙata, kamar firinta da modem da ƙarin filashi, domin kowannensu ƙarin abu ne da za a tsaya nema wa direba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Ina shirya filashin da zan ɗora manhaja da shi, ma'aunin ya kai 100 cikin 100 amma tagar ta ƙi rufewa har tsawon mintuna. Na zare filashin, da na zo amfani da shi sai ɗorawar ta lalace a tsakiya. Mene ne ya faru?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya faru shi ne ma'aunin ya ƙirga abin da manhajar kwafewa ta miƙa, bai ƙirga abin da ya isa cikin filashin ba. Saboda filashi yana da nawa wajen rubutu, kwamfuta takan karɓi bayanan ta tara su a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wato RAM, ta ce wa manhajar an karɓa, sannan ta riƙa zuba su cikin filashin a hankali gwargwadon yadda yake iya ɗauka. An fi ganin wannan a tsarin Linux, wato dangin manhajojin da Ubuntu da Debian suke ciki, kuma idan RAM ɗin na da yawa, abin da ke jiran a zuba zai iya kai ɗaruruwan megabayit. Mintocin da kika ga tagar ta ƙi rufewa su ne lokacin zubawar, kuma da kika zare filashin, ƙarshen fayilolin bai shiga ba. Manhajar ɗorawa ba ta gano giɓin ba sai da ta iso wurin, shi ya sa ta fara lafiya ta lalace a tsakiya.

Ki sake shirya filashin daga farko, ki yi amfani da wanda bai gaza gigabayit 8 ba, ki jira har manhajar ta faɗa da kanta cewa ta gama, sannan ki bi hanyar cire filashi lafiya da ke cikin tsarin kafin ki zare shi. Idan ya sake lalacewa bayan haka, abu biyu za ki bincika. Na farko shi ne ko fayil ɗin da kika sauko da shi ya cika, wanda ake tabbatarwa ta hanyar gwada lambar SHA-256 ɗinsa, wato doguwar lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ɗin, da wadda masu manhajar suka wallafa a shafinsu. Na biyu shi ne filashin kansa, domin akwai jabu a kasuwa da ke nuna girman da ba su da shi, kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw tana cika filashi da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa miki ainihin abin da yake iya ɗauka.